Babanki Ya Daina Magana

Cleveland, Satumba 1979

Goggo Ozella,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ƙafar nan taki ta yi sauƙi. Ina gaishe da Baba. Ni lafiya lau, sai dai gajiya.

Sun ɗauke ni, Goggo. Ƙungiyar masu aikin lantarki ta sa sunana cikin 'yan koyo na bana. Shekara huɗu ne. Da rana ina wurin gini ƙarƙashin wani ƙwararre, da yamma kuma aji sau biyu a mako. In na gama su ba ni kati, in shiga duk inda ake aikin wuta a ƙasar nan ba mai hana ni. An tara mu a zauren ƙungiya, muka ɗaga hannu muka yi rantsuwa. Mu biyu ne mata, ni da wata farar fata, Lorna. Mai rantsar da mu ya ce, "To, 'yan'uwa maza," sai ya tsaya, ya dube mu, ya ci gaba abinsa.

Na zaci ranar zan yi tsalle. Da na fito sai na sayi gyaɗa na tsaya jiran bas. Ban san dalili ba. Ƙila jiran ne ya yi tsawo har murnar ta gaji ta tafi.

Sabon asibiti muke yi wa wuta. Wanda aka haɗa ni da shi wani tsoho ne, Mista Hruska, gajere, kullum bakinsa na tauna wani abu. Ranar farko ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ke ce gwamnati ta aiko mana?" Na ce, "A'a, bas ce ta kawo ni." Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗauko tsani, Alabama." Sunana ke nan yanzu a wurin. Har yau hannuna bai taɓa wayar wuta ko ɗaya ba. Ina ɗaukar bututu daga ƙasa zuwa hawa na shida, ina sayo musu kofi, ina shara. Ya ce haka kowa ya fara. Ban sani ba ko gaskiya ne.

Ki gaya wa Baba. Na san ranar da zan taho bai fito daga rumfar bayan gida ba. Na kuma ji abin da ya ce miki, wai za su tauna ni su tofar, kamar yadda suka yi masa lokacin da ya dawo daga soja da takardar aikin wuta a hannu, ƙungiya ta ce ba ta ɗaukar baƙar fata. Ban manta ba. Amma ki gaya masa dai. In zai zauna, ki karanta masa wannan.

Kada ki wahalar da kanki zuwa kanti don buga waya, na san kunnenki da waya ba sa shiri. Ni ma ta gidan da nake haya a baranda take, matar gidan kuma tana tsaye a kanta kamar soja. Wasiƙa ta fi.

'Yarki,
Verlean

Linden, Alabama, Oktoba 1979

Verlean 'yata,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangiji. Wasiƙarki ta same mu lafiya. Ƙafa tana nan yadda kika bar ta, in hadari zai taso ita ke fara sanar da ni kafin rediyo. Kuɓewa ta ƙare, dankali ya yi kyau bana, akuyar gidan Fasto Tolliver ta sake shigo mini lambu, na ce masa in ta ƙara, ranar Lahadi zai yi wa'azi a kan romonta.

To, Allah ya sa albarka. Na faɗa a coci, mata suka yi ta tafi, ko da yake rabinsu sun ɗauka waya za ki riƙa amsawa a ofis. Amma wace irin magana ce wannan ta gyaɗa? Ni da na raine ki tun uwarki ta rasu kina rarrafe, na san ki. Ke ce kika yi ihu har maƙwabta suka fito ranar da kika ci gasar lissafi. Yanzu an buɗe miki ƙofar da aka rufe wa ubanki, ki ce mini gyaɗa? Kina cin abinci kuwa? Ko burodin kanti kike ci kina kwanciya?

Na karanta wa babanki Hollis. Yana baranda yana ɓarar wake, ban tambaye shi ba na zauna na fara. Bai tashi ba. Da na kai wurin da kika ce bas ce ta kawo ki sai ya ja tsaki. Amma ƙanena ne, na san tsakinsa kala-kala, wannan dariya ce ya haɗiye. Da na gama na ce, "To me zan ce mata?" Ya ce, "Waken nan duk ƙwari." Shi ke nan.

Kin san halin ubanki. In ya yi fushi sai ya shige ciki kamar kunkuru. Muna yara ya taɓa yin damina guda bai yi wa babanmu magana ba saboda an sayar da karensa. Ki bar shi, zai fito da kansa. Yana zuwa aikinsa na injin katako, ran Asabar kuma yana zagaya gidajen mutane yana gyara musu fitila, su biya shi da ƙwai da godiya, kamar kullum.

Wannan tsohon naku, ki bi shi a hankali. Ki sayi safa mai kauri. Muna sa ido ranar Kirsimeti.

Goggonki,
Ozella

Cleveland, Disamba 1979

Goggo,

Ina gaisuwa, ina fata ku duka kuna lafiya. Ki yi haƙuri da jinkiri. Na yi mura mai ƙarfi amma na tashi. Na sayi safar.

Ba zan zo Kirsimeti ba. Bari in faɗa tun da wuri. Ranar kaɗai aka ba mu, washegari akwai aiki, hanya kuwa kin san tsawonta. Dokarsu ita ce in ɗan koyo ya yi fashi sau uku, kwamiti ya kira shi. Murar nan ta riga ta cinye mini ɗaya. Yaran da ubanninsu ke cikin ƙungiya suna fashi a yi dariya a wuce. Ni in na yi, akwai masu jira.

Lorna ta bari. An cika mata akwatin kayan aiki da wani abu da ba zan rubuta miki ba. Ta wanke hannu, ta ajiye hular kwanonta a kan buhun siminti, ta fita. Nawa akwatin ƙusa suka buga masa a jikin katako. Na nemi guduma na zare ƙusar na ci gaba da aiki. Suna tsaye suna jira in yi kuka ko in yi zagi. Ba jarumta ba ce, Goggo. Na duba cikina ban sami ko ɗaya ba. Babu bayan gida na mata a wurin, don haka na daina shan ruwa da safe. Haka sauran abubuwan ma, ɗaya bayan ɗaya nake dainawa.

Hruska ya fara koya mini lanƙwasa bututun da waya ke bi. Na lalata da yawa. Ran nan na yi ɗaya, ya ɗauka ya kai ido, ya juya shi, ya ce, "Ba zai kashe kowa ba." Wani ya ce mini a bakinsa wannan babban yabo ne. Da rana yakan turo mini rabin abincinsa, kabeji da nama, bai dube ni ba. Ya ce matarsa na zuba masa kamar za shi yaƙi. Ban sani ba ko yana sona a wurin ko ba ya so. Ba na jin shi ma ya sani.

Da yamma in je aji, in dawo, in kwanta da kayan jikina. Dusar ƙanƙara ta rufe ko'ina. Ji nake kamar an naɗe ni cikin auduga, ana magana ina ji daga nesa.

Na aiko wa Baba safar hannu ta fata, irin ta masu aikinmu. Ke kuma mayafi. Ki gaya masa ba ƙin zuwa na yi ba.

Verlean

Linden, Janairu 1980

Verlean,

Ina gaishe ki. Saƙo ya iso, na gode, mayafin ya yi kyau. Ni ina nan da sauƙi. An yi sanyi, famfo ya daskare kwana biyu.

Mun yi Kirsimeti mu biyu. Na gasa kaza, ba mu ci rabi ba. Ya buɗe safar hannun, ya sa, ya daɗe yana kallo, ya cire ya mayar cikin takardarta.

Ban san yadda zan rubuta miki wannan ba. Tun bayan Kirsimeti babanki ya daina magana. Ya bar zuwa injin katako, yana gida. Na karanta masa wasiƙarki, da na kai wurin akwatin nan da ƙusa sai ya juya fuska bango. Fasto Tolliver yana leƙowa.

Ba zan ce miki ki zo ba. Ba zan kuma ce kada ki zo ba. Ke babba ce, kina da ilimi fiye da ni. Ki karanta abin da na rubuta da kyau, ki yi addu'a, ki yi abin da Ubangiji ya nuna miki.

Ba ni da lokacin doguwar wasiƙa yanzu.

Goggonki,
Ozella

Cleveland, Fabrairu 1980

Goggo,

Ina gaisuwa. Ina lafiya. Ki riƙa barin famfon yana ɗiga, ba zai daskare ba.

Na karanta da kyau. Ban zo Kirsimeti ba, ya kulle baki. Ke kika ba ni labarin karen. In damina guda ya yi wa kare, ni ban san nawa zai yi mini ba. Ya bar aiki ya zauna a gida, har an kira fasto ya zo lallashi, duk don in ji in taho in durƙusa in ce ya yi gaskiya.

Ba zan iya ba, Goggo. Duk yini ina cikin maza da ba sa yi mini magana. In shiga ɗaki su yi shiru, in fita su ci gaba. Ba zan yi tafiyar kwana da yini a bas, in ƙona fashina na biyu, don in je in zauna gaban wani namijin da ya juya mini baya ba. Shiru ina da shi a nan, ya ishe ni.

Ba fushi nake ba. Da ma ina iya yin fushin. Ki ce masa in ya shirya magana, ya san adireshina. In bai shirya ba, sai na zo da katin a hannu ya gani da idonsa.

Mun fara jan waya a hawa na uku. Ki kula da ƙafarki.

Verlean

Linden, Maris 1980

Verlean,

Mun binne Hollis ranar Asabar.

Na san kin sani. Fasto Tolliver ya buga waya zauren ƙungiyarku ranar Laraba, ya sake bugawa washegari, suka tabbatar masa an kai miki saƙon a wurin aiki, baki da baki. Na sa jikan Fasto ya kai ni tashar mota ranar Juma'a. Bas ta zo, sojoji biyu suka sauko, da wata mata da kwali. Ranar Asabar da safe muka sake komawa.

An bar miki kujera a gaba kusa da ni. Ban bari kowa ya zauna ba. Mutane sun cika coci har waje, duk wanda ya taɓa gyara wa fitila ya zo. Kowa ya riƙe hannuna sai ya ce, "Ina Verlean?" Na ce dusar ƙanƙara ta rufe hanya. A gidan Ubangiji na yi wannan ƙaryar, gawar ƙanena tana gabana.

Ban san abin da garin nan ya mayar da ke ba. Ko kare aka ce ya mutu a gidan da mutum ya tashi, ya aiko da layi biyu.

Lafiyata ƙalau, in kina son sani.

Ozella

Linden, Mayu 1980

Verlean 'yata,

Ina gaishe ki. Ban ji daga gare ki ba, ban kuma yi mamaki ba bayan abin da na rubuta. Ina lafiya. Na shuka kuɓewa da wake, don ban san abin da zan yi da hannuna ba.

Na zauna na sake karanta wasiƙarki ta Fabrairu, wadda na jefa cikin kwandon ɗinki don haushi. Sai yanzu na ga abin da kika fahimta. Ki zauna, zan gaya miki yadda aka yi.

Cikin Nuwamba babanki ya faɗi a lambu. Bakinsa ya ɗan karkace, hannu ya yi nauyi, bayan kwana biyu ya warware. Likita ya ce jini ne ya hau, kuma zai iya dawowa. A hanyar dawowa gida ya tsayar da mota gefen titi, ya ciro Littafi Mai Tsarki daga jakata, ya ce in ɗora hannu. Na ce, "Hollis, ka haukace?" Ya ce, "Yaya, ɗora. Ko me ya same ni ba za ki gaya mata ba. In kika faɗa za ta taho, in ta taho sun sami abin da suke so." Na ce, "Kai da ka ce za su tofar da ita?" Ya ce, "Na ce. Amma ba ni zan buɗe musu baki ba." Na ɗora.

Washegarin Kirsimeti babban ciwon ya zo. Ɓarin jikinsa na dama ya shanye, harshe ya tafi. Da na rubuta miki ya daina magana, nufina ya daina, Verlean. Ba ya iyawa. Ni ke juya shi, ni ke ba shi kunu da cokali. Na yi ta juya kalmomin nan a kaina ina neman hanyar da zan faɗa miki ba tare da na karya rantsuwa ba. Na ɗauka na samu. Na manta ni da bakina na ba ki labarin kare. Ga shi ban karya alkawari ba, ban yi ƙarya ba, kuma ba abin da ya amfana.

Wasiƙarki ta Fabrairu ban karanta masa ba. Ya ga ambulan, ya yi ta nuni da hannun hagu. Sai na buɗe na riƙe, na yi ta zuba abin da ya zo bakina. Na ce kin ce asibitin ya kusa ƙarewa, tsohon nan ya yaba miki, kina gaishe shi. Ya zuba mini ido har na gama. Ina jin ya gane, don ban iya sunayen kayan aikinku ba.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ya ce yana alfahari da ke ba. Bai ce ba, lokacin da yake da baki ma bai ce ba. Abin da na gani da idona shi na faɗa miki.

Wannan ya bayyana wasiƙarki ta Fabrairu. Bai bayyana rashin zuwanki a Maris ba. Ba zagi zan yi ba, na gama. Ina so in sani ne kawai. Ki rubuto ko layi ɗaya, in san kina raye.

Goggonki,
Ozella

Cleveland, Yuni 1980

Goggo Ozella,

Ina gaisuwa. Ina raye. Wasiƙunki biyu sun iso. Ina fata ƙafar ba ta matsa miki ba.

Kin tambaye ni zancen Maris. Zan faɗa miki yadda ya faru, amma dalili ba ni da shi.

Ina kan tsani ina ɗaure bututu a rufi, wakilin ƙungiya ya zo ya tsaya a ƙasa. Ya cire hula. Ya kira ni da sunan gidanmu ya ce, "Mabry, an bugo daga Alabama. Mahaifinki ya rasu. Asabar za a binne." Na ce, "To." Saura ƙusa biyu, na ƙarasa ɗaure su. Na sauko. Lokacin abinci ya yi, na ci.

Hruska ya ji. Ya ce, "Me kike yi a nan? Tafi." Na ce masa za a rubuta mini fashi. Ya ce, "Fashin banza. Ni zan je gaban kwamitin da kaina, in sun isa su kore ni tare da ke." Ya je ya yi kuwa. Ina so ki san wannan, Goggo, kada ki ɗora wa ƙungiya ko garin nan. Ba wanda ya hana ni. Matarsa har ta aiko mini da abincin hanya.

Ranar Alhamis da safe na je tasha da baƙar rigata a jaka. Na sayi tikiti. Na zauna a benci kusa da ƙofar da bas ɗin kudu ke tsayawa. Ta zo, aka kira, mutane suka tashi suka yi layi. Ina kallonsu. Direba ya leƙo ya ce, "'Yan mata, da ke?" Ban motsa daga bencin ba. Ƙafafuna suna nan, ba abin da ya same su. Ya jira kaɗan, ya rufe ƙofa. Ta rana ma ta zo ta tafi. Na cinye abincin matar Hruska a bencin nan, na koma ɗaki. Ranar Litinin na je aiki. Hruska ya ce, "Yaya mutanen gida?" Na ce lafiya.

Lokacin ban san ba ya iya magana ba. Na ɗauka ya mutu yana fushi da ni. Amma kada ki ɗauka shi ne dalili, don da na karanta wasiƙarki ta Mayu na san gaskiya, na jira wani abu ya motsa a ƙirjina. Na ninke ta, na wanke kwano, na yi aikin aji. Na san ya kamata in ji wani abu a kan abin da na rubuta a Fabrairu. Ina kallon abin kamar kaya a tagar kanti. Na gode da ba ki karanta masa ba.

Akwai abin da ya faru makon jiya. Gara ki ji daga bakina. Abu na farko da ake koya mana shi ne, kafin ka sa hannu a akwatin wuta ka gwada da na'ura, ko da kai ka kashe da hannunka. Na san wannan kamar sunana. Na buɗe akwati a ɗakin tiyata, ban gwada ba, na sa sukundireba. Akwai wuta. Na ga haske, sai na tsinci kaina a ƙasa jikin bango. Bakin sukundireban ya narke. Tafin hannuna ya ɗan ƙone, ba wani abu ba, an ɗaure.

Hruska ya zo da gudu, ban san yana iya gudu ba. Ya durƙusa yana taɓa wuyana, yana magana da yaren iyayensa. Na tashi na karkaɗe wando, na ce bari in nemo wani sukundireban. Ya riƙe mini hannu ya ɗora yatsa a jijiya. Ya daɗe. Sai ya ce, "Ko bugawa ba ta yi da sauri. Alabama, ba ki ji tsoro ba?" Na ce a'a.

Ya zauna a kan bokiti ya ce, "Na yi aiki da mashaya, na yi da wawaye, na yi da raggo. Ban damu ba. Amma wanda ba ya jin tsoro ba na aiki da shi, don na taɓa ɗaukar gawar irinsa a kan ƙyauren ƙofa zuwa mota." Ya mayar da ni ɗaukar kaya da shara. Ya ce ba zai rubuta rahoto ba tukuna. Amma in ƙarshen bazara ya zo ina nan yadda nake, shi da kansa zai gaya wa kwamiti su cire ni. Na ce, "Bayan duk wannan?" Ya ce, "Gara ki tsane ni kina numfashi."

Na ci jarrabawar shekarar farko. Na zo ta uku.

Ba gafara nake nema ba, Goggo. Ina so in nema, ban san ta inda ake farawa ba. Kin ce ba ki san abin da garin nan ya mayar da ni ba. Ni ma ban sani ba. Ina tashi, ina zuwa, ina dawowa. Kada ki damu, ba abin da ke yi mini ciwo.

Verlean

Linden, Yuni 1980

Verlean,

Ina gaishe ki. Ƙafa da sauƙi, kuma ko ba sauƙi ba ruwanki.

Na karanta sau ɗaya, ban bukaci na biyu ba. Wannan karon ba zan zagaya ba, zagaye ya ci mini ƙane bai ga 'yarsa ba. Ba ki da lafiya. Wanda wuta ta jefar ya tashi yana neman sukundireba ba lafiya gare shi ba. Wai kada in damu, ba abin da ke miki ciwo. Hannun Hollis na dama ma ba ya masa ciwo.

Na ba matar Fasto kajina. Lambu na bar wa akuyarsu, ta ci ta ƙoshi, dama abin da take nema ke nan. Na kulle gida. Ban taɓa wuce Birmingham ba a rayuwata, amma an ce in mutum ya zauna bai sauka ba, bas ita ta san hanya. Zan taso ranar Alhamis mai zuwa, in iso Juma'a da yamma.

Ba zuwa zan yi in ɗauko ki ba. Na ɗora hannu a kan Littafi saboda aikin nan, ba zan bari a yi asarar rantsuwar a banza ba. Zuwa zan yi in dafa miki wake da burodin masara, in zauna ina miki surutu har sai kin ji haushi. In kin yi mini tsawa, to mun fara samun sauƙi. Ki gaya wa matar gidanku a ƙara katifa, in tana da magana ta jira ni. Ki gaya wa tsohon nan ina son ganinsa, ya ba mu bazarar kamar yadda ya ce.

Kada ki amsa wannan, zan riga amsar fita. Ki zo tasha ko da kayan aiki ne a jikinki. Ban san kowa a garin nan ba, ban san titi ko ɗaya ba, kunnena kuma ba ya jin abin da ake faɗa a lasifika. In na sauko ban gan ki ba, zan nemi bencin nan naki in zauna. Ba zan tashi ba sai kin zo.

Goggonki,
Ozella